Kogin Yadzaram Jiya da Yau

Yadzaram ya taso daga duwatsun Mandara, ya ratsa Mubi, ya nufi arewa har Bama. Fali da Gude sun daɗe suna noma a bakinsa kafin Fulani su kafa mulki a ƙarni na 19. A nan kuma kakanninmu fatake suka riƙa shayar da jakunansu.

Bayan ƙuri'ar raba gardama ta 1961, Mubi ta zama hedikwatar Lardin Sardauna, gari ya bunƙasa, shara ma ta ƙaru. Yau leda, baƙin mai da maganin feshi duk kogi suke gangarawa. A wannan ruwan tarwaɗa ke kiwo, a ciki yaranmu ke wanka. Jama'a, abin da muka zuba a kwata, shi ke dawo mana cikin miya.