Dajin Epping: Hanyoyin Yawo Da Kare Da Dokokin Da Ke Kansu

Dajin Epping yana arewa maso gabashin birnin Landan, ya faro daga unguwannin gabashin birnin ya miƙe har cikin gundumar Essex. Faɗinsa ya kai kimanin hekta 2,400, tsawonsa kuwa daga kudu zuwa arewa kusan kilomita 19 ne. Shiga kyauta ce, kuma a galibin sassansa mai kare yana iya kwance masa igiya matuƙar karen na jin kiransa. Wannan dama tana da tarihi, tana kuma da iyaka, domin ba mutane da karnukansu kaɗai ke da haƙƙi a dajin ba.

Yadda dajin ya zama na jama'a

A da, Epping dajin farautar sarakunan Ingila ne, amma talakawan ƙauyukan kewaye suna da haƙƙin kiwo da na saran rassa domin itacen girki da jin ɗumi. A ƙarni na 19 masu manyan filaye suka shiga killace dajin yanki-yanki. A garin Loughton, wani leburan ƙauye mai suna Thomas Willingale ya ƙi daina saran rassa a filin da aka killace, lamarin da ya kai ga shari'a a shekarun 1860. A 1871 kuma dubban mutane suka taru a filin Wanstead Flats, aka tumɓuke shingen da aka kafa.

Hukumar tsohon birnin Landan, wato City of London Corporation, ita ma ta shigar da ƙara, bisa hujjar cewa filin maƙabartarta ya ba ta haƙƙin kiwo a dajin. A 1874 kotu ta yanke cewa killacewar ta saɓa wa doka. Majalisa ta zartar da Dokar Dajin Epping a 1878, wadda ta ɗora wa hukumar alhakin kula da shi, tare da sharaɗin a bar shi a buɗe, babu shinge babu gini, domin shaƙatawar jama'a. Sarauniya Victoria ta ziyarci dajin ranar 6 ga Mayu, 1882, ta ayyana shi a matsayin na al'umma. Har yau masu haƙƙin kiwo suna zaɓen wakilai 4 da ke zama a kwamitin gudanar da dajin.

Hanyoyin da aka yi wa alama

Hukumar ta fitar da hanyoyi masu zagayowa inda suka faro, ta sa musu alamomi a jikin turaku, kuma mafi yawansu sunayen itatuwa aka raɗa musu.

Willow Trail ba ta da nisa, tana kusa da Chingford, kuma tana bi ta tafkin Connaught Water. Ƙasar wurin shimfiɗaɗɗiya ce, saboda haka ta dace da tsohon kare ko iyali masu ƙananan yara. Sai dai tafkin cike yake da agwagi da sauran tsuntsayen ruwa, don haka gara a riƙe kare da igiya a bakinsa.

Holly Trail ita ma daga Chingford take farawa. A wannan yankin ne akwai benen katako da aka gina wa Sarki Henry na Takwas a 1543 domin kallon farauta, wanda yanzu ake kira Queen Elizabeth's Hunting Lodge.

Beech Trail tana High Beach, a tsakiyar dajin, tana da hawa da gangara a ƙarƙashin manyan itatuwa. A wannan ɓangare ne tsohon sansanin Loughton Camp yake, wanda ganuwarsa ta ƙasa ta haura shekara 2,000.

Oak Trail ta fi su nisa, domin ta ɗan haura kilomita 10. Tana farawa daga Theydon Bois, ta wuce kusa da ganuwar Ambresbury Banks da kuma killataccen wurin da ake kare barewa. Wanda zai bi ta ya tanadi ruwan sha nasa da na karensa, ya kuma sa takalmi mai ƙwari, saboda laka tana yawa a lokacin hunturu.

Jirgin ƙarƙashin ƙasa na layin Central yana tsayawa a Loughton da Theydon Bois da Epping, wani jirgin kuma yana zuwa Chingford daga tashar Liverpool Street. Ba a biyan kuɗin kare a jiragen.

Abin da doka ta ɗora wa mai kare

A Ingila, dokar 1992 ta wajabta wa kare sa abin wuya mai ɗauke da suna da adireshin mai shi idan ya fita bainar jama'a. Tun Afrilun 2016 kuma dole ne a dasa masa ƙwayar na'urar shaida a ƙarƙashin fata. Dokar 1953 ta mayar da barin kare ya kori dabbobin kiwo laifi. A Epping ƙa'idar ita ce kare ya kasance ƙarƙashin ikon mai shi a kowane lokaci: kada ya ɓace masa da gani, ya kuma dawo da zarar an kira shi. Karen da bai kai wannan matsayi ba, igiya ce maganinsa. Kwashe kashin kare ma wajibi ne, a kai shi kwandon shara ko a tafi da shi gida.

Dalilan da suka sa aka kafa iyaka

Kusan kashi biyu cikin uku na dajin yana ƙarƙashin kariya ta musamman saboda halittunsa. Akwai tsofaffin itatuwa fiye da 50,000, waɗanda saran rassa na ɗaruruwan shekaru ya ba su siffarsu ta yanzu.

A Wanstead Flats akwai wani ɗan tsuntsu da Turawa ke kira skylark, wanda ke sheƙa a ƙasa cikin ciyawa. Ko kare bai kama shi ba, da zarar ya tayar da uwar daga kan ƙwai sai su huce, ko hankaka ta ɗauke su. Shi ya sa ake kewaye wani yanki na filin da shinge na wucin gadi a lokacin ƙyanƙyasa. Ga shi dai a filin da aka taɓa karya shinge da sunan 'yanci, yau an kafa wani domin tsuntsu.

Shanu masu dogayen ƙahoni na kiwo a wasu sassa, sanye da na'urar wuya da ke yi musu ƙara idan sun kusanci iyakar da aka shata musu. Shawarar hukumomin Ingila ita ce a riƙe kare da igiya kusa da dabbobi, amma idan shanu suka taso wa mutum, ya saki igiyar ya tsira da kansa, karen ya fi shi gudu.

Kashi da fitsarin kare kuwa taki ne, kuma tsirran daji da yawa ƙasa marar taki suke so. Wani bincike da aka wallafa a 2022 kan gandayen da ke kewaye da birnin Ghent na Beljiyam ya ƙiyasta cewa karnuka na zuba kilo 11 na sinadarin naitirojin da kilo 5 na fosfaras a kowace hekta duk shekara. Sakamakon haka, ciyayi masu saurin girma kan danne tsirran da ba su da ƙarfi.

Shi kansa karen yana da abin tsoro a daji. Kaska na maƙalewa a jikinsa daga dogayen ciyayi, tana kuma iya ɗauke da cutar Lyme da ke kama mutum da dabba. Saboda haka a duba kunnuwansa da wuyansa da tsakanin yatsunsa bayan an dawo.

Dokar 1878 ta umarci hukumar da abu biyu a lokaci guda: ta bar dajin a buɗe ga kowa, ta kuma kiyaye yanayinsa na asali. Duk wata taƙaddama kan igiyar kare ko shingen tsuntsu daga tsakanin waɗannan umarni biyu take fitowa, kuma gwargwadon yadda masu karnuka suka kiyaye na biyun, gwargwadon yadda hukumar za ta rasa hujjar rage musu na farkon.