Daga Wasiƙar Fatake Zuwa JSON: Tarihin Tsare-tsaren Musayar Bayanai da Matsayin Baƙaƙen Hausa a Cikinsu

1.0 Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya taɓa aika rubutun Hausa daga wata kwamfuta zuwa wata ya san irin wannan takaici: ka rubuta "ƙasa", amma wanda ka aika wa sai ya ga "Æ™asa", ko ɗan akwati fanko, ko alamar tambaya. Yawanci mukan ɗora wa na'urar laifi mu wuce. To amma matsalar tana da asali, kuma sanin asalin shi ne rabin maganinta. Wannan takarda za ta bi diddigin tsare-tsaren da kwamfutoci ke amfani da su wajen musayar bayanai a rubuce, wato irin su CSV da XML da JSON, tare da duba lokacin da baƙaƙen Hausa masu ƙugiya (ɓ, ɗ, ƙ, ƴ) suka sami gurbi a cikinsu. Za a ɗauko misalai daga yankin Djougou da Parakou na arewacin Jamhuriyar Benin, domin a can Hausa da Faransanci da harsunan ƙasar sukan haɗu a takarda guda.

2.0 Mene ne Tsarin Musayar Bayanai?

Tsarin musayar bayanai yarjejeniya ce tsakanin mai aikawa da mai karɓa a kan yadda za a jera saƙo, ta yadda mai karɓa zai san wane ɓangare ne suna, wane ne adadi, kuma a ina saƙon ya ƙare. Wannan buƙata ta girmi kwamfuta nesa ba kusa ba.

A ƙarni na 19, ayarin fataken goro kan taso daga Kano ko Sakkwato, ya ƙetare Kwara, ya ratsa ƙasar Borgu ta Nikki da Parakou, ya yada zango a Djougou, sannan ya nufi Salaga ta ƙasar Gwanja. Fatake na kai kanwa da tufafi da fatu, su komo da goro. Tafiya ce ta watanni, saboda haka bashi da amana da saƙon iyali duk a wasiƙa suke tafiya. Wasiƙar kuwa tana da jeri sananne: a fara da bisimilla, a ambaci wanda ya aiko da wanda aka aika wa, a yi gaisuwa, a ce "bayan haka" a shiga magana, a rufe da sallama. Malamin da zai karanta ta a zangon Djougou bai taɓa ganin wanda ya rubuta ta a Kano ba, amma ya san inda zai kai ido ya sami abin da ake nema. Alhaji Umaru, haifaffen Kano wanda ya zauna a Salaga daga baya ya koma Kete-Krachi har rasuwarsa a 1934, ya wallafa littafi sukutum da Larabci a kan ƙa'idojin rubuta wasiƙa tun yana saurayi. Ke nan tun wancan zamani an fahimci cewa saƙo mai tafiya nesa yana buƙatar abubuwa biyu: haruffan da ɓangarorin biyu suka sani, da jerin da suka amince da shi. Waɗannan biyun su ne ginshiƙan tarihin da ke tafe.

3.0 Matsalar Haruffa: ASCII da Magadansa

Kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba kawai ta sani. Don haka dole a yi jadawalin da zai ce lamba kaza tana wakiltar harafi kaza. A 1963 aka fitar da jadawalin ASCII a Amurka, aka kuma ƙara masa ƙananan baƙaƙe a 1967. Gurabe 128 kacal gare shi, waɗanda suka ishi Ingilishi. Babu é ta Faransanci a ciki, balle ƙ ta Hausa, duk da cewa baƙaƙen masu ƙugiya sun zauna da gindinsu a rubutun boko tun shekarun 1930, kuma jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a Zariya a 1939 ta yaɗa su ko'ina.

Turawan Yamma sun magance tasu matsalar da jadawalin ISO 8859-1 na 1987, wanda ya ninka guraben zuwa 256, ya shigar da é da è da ñ da ü. Mu ɗauki sunan Pélébina, ɗaya daga cikin gundumomin Djougou a jihar Donga. Da wannan jadawali ana iya rubuta sunan daidai. Amma Bahaushen da ke zaune a yankin ba zai iya rubuta "ɗan'uwa" ko "ƙauye" da shi ba. Haka ma maƙwabtansa masu jin Dendi ko Yom, waɗanda ke amfani da ɛ da ɔ da ŋ bisa tsarin haruffan harsunan ƙasa da Benin ta amince da shi a 1975. An dai fitar da wani jadawali na musamman domin harsunan Afirka a 1983, wato ISO 6438, amma domin ɗakunan karatu aka yi shi, kuma bai shiga kwamfutocin jama'a ba.

Dabarar da malamai da maɗaba'u suka yi a shekarun 1980 da 1990 ita ce ƙirƙirar salon haruffa na musamman, inda ake sace gurbin wata alama da ba a cika amfani da ita ba, a zana ƙ ko ɗ a wurin. A kan takarda abin ya yi kyau. Amma da zarar fayil ya je kwamfutar da ba ta da wannan salo, sai alamar asali ta dawo. Rubuce-rubucen Hausa da dama na wancan lokaci sai an bi su harafi-harafi kafin su karantu a yau.

Wayar salula ta ƙara dagula lamarin. Gajeren saƙon waya yana ɗaukar haruffa 160 idan an tsaya ga jadawalin GSM, wanda ke da é amma ba shi da ƙ. Da an saka harafi ɗaya da ba ya cikin jadawalin, sai adadin ya faɗo zuwa 70, kuɗin saƙo ya ƙaru. Lokacin da wayoyin GSM suka shigo Nijeriya a 2001, yawancinsu ma ba su da hanyar buga ƙugiya. A haka aka sami zuriya guda da ta saba rubuta "kafa" a wurin "ƙafa", da "bata" a wurin "ɓata", da "daki" a wurin "ɗaki".

4.0 Matsalar Jeri: CSV da XML

Tsari mafi sauƙi na jera bayanai shi ne CSV, wanda ake amfani da shi tun shekarun 1970, ko da yake sai a 2005 aka rubuta masa ƙa'ida a takardar RFC 4180. Kowane layi bayani ne guda, kuma waƙafi ke raba sassansa. Sauƙin nan shi ne rauninsa. A ƙasashe rainon Faransa, waƙafi ake sa wa a tsakiyar lamba, wato biyu da rabi a Parakou 2,5 ne, a Kano kuwa 2.5. Saboda haka manhajojin lissafi da aka saita da Faransanci sukan raba sassa da waƙafi mai ruwa. Idan ɗan kasuwa a Parakou ya aika wa abokin cinikinsa na Kano jerin kaya, mai yiwuwa duk layin ya dunƙule a gida ɗaya, ko kilo biyu da rabi ya rabe ya zama 2 da 5. Bugu da ƙari, babu wani wuri a cikin fayil ɗin CSV da ke faɗin jadawalin haruffan da aka yi amfani da shi, don haka manhajar da ta buɗe shi kintace take yi.

Ɗaya hanyar ita ce yi wa kowane sashe laƙabi. Charles Goldfarb da abokan aikinsa biyu suka fara wannan a kamfanin IBM a 1969, aikin da ya zama SGML a 1986. Daga gare shi Tim Berners-Lee ya samo fasalin HTML lokacin da ya ƙirƙiro shafukan intanet a cibiyar CERN da ke kusa da Janeba. A watan Fabrairu na 1998 aka fitar da XML, wanda taƙaitaccen SGML ne. A XML akan rubuta <gari>Djougou</gari>, wato a buɗe laƙabi a kuma rufe shi. Ba a ruɗewa, amma rubutun kan yi nauyi saboda maimaici. Ga masu nazarin Hausa, muhimmancin XML shi ne ya wajabta wa duk manhajar da za ta karanta shi sanin jadawalin Unicode.

5.0 Unicode da UTF-8

A 1991 aka fitar da Unicode, da niyyar bai wa kowane harafi na kowane harshe lambarsa ta dindindin. A nan ne baƙaƙenmu suka sami gida: ɓ ita ce U+0253, ɗ ita ce U+0257, ƙ ita ce U+0199, ƴ kuma U+01B4, kowace da babbarta. A watan Satumba na 1992, Ken Thompson da Rob Pike suka tsara UTF-8, hanyar ajiye waɗannan lambobi wadda ta bar haruffan ASCII yadda suke, bayit ɗaya ɗaya, ta ba irin su ƙ da é bayit biyu biyu.

Yanzu za mu iya warware ƙullin da muka fara da shi. A UTF-8, ƙ bayit biyu ce, C6 da 99. Idan manhaja ta zaci tsohon jadawalin Turawan Yamma na Windows aka yi amfani da shi, sai ta karanta kowane bayit a matsayin harafi mai zaman kansa: C6 ya zama Æ, 99 ya zama ™. Ta haka "ƙasa" ke komawa "Æ™asa", Pélébina kuma ta koma "PÃ©lÃ©bina". Rubutun bai lalace ba. Idan aka sake buɗe fayil ɗin aka zaɓi UTF-8, komai zai dawo daidai, muddin ba a adana shi a gurɓace ba.

Ajami ma ya amfana, sai dai a hankali. A 2005 aka ƙara rukunin haruffan Larabci da harsunan Afirka ke buƙata, a 2016 kuma aka ƙara fa da ƙaf da nun irin na rubutun Warshu da aka saba da shi a Afirka ta Yamma.

6.0 JSON

A 2001, Douglas Crockford da abokan aikinsa a Amurka suna neman hanya marar nauyi da shafin intanet zai riƙa musayar bayanai da babbar kwamfutar da ke riƙe da shi. Sai suka ɗauko yadda harshen JavaScript, wanda Brendan Eich ya ƙirƙiro a 1995, ke rubuta bayanai, suka sa masa suna JSON. Mu ɗauka wata ɗaliba tana tattara kalmomin Hausar zango a yankin Djougou. Ga yadda bayani guda zai kasance:

{"kalma": "ƙauye", "wuri": "Pélébina", "masu magana": 3, "tsawon sauti": 2.5}

Kowane sashe yana da suna da abin da ke cikinsa, ruwa biyu na tsakaninsu. Rubutu yana cikin alamar zance, lamba kuma a sake take, kuma da aya ake raba ta ko a Parakou ko a Kano. Ƙa'idar gaba ɗaya ba ta fi shafi guda ba, mutum na iya karanta ta da ido, wannan ya sa ta yaɗu. An rubuta ta a RFC 4627 a 2006, hukumar Ecma ta amince da ita a 2013, sannan a Disamba 2017 takardar RFC 8259 ta wajabta amfani da UTF-8 a duk JSON ɗin da ake musayarsa tsakanin na'urori daban-daban. Wato shekara 54 bayan fitowar ASCII, ƙ ta zama harafin da ba a da hujjar ƙin karɓarsa. Yawancin manhajojin waya da shafukan intanet na yau da JSON suke aika bayanansu.

7.0 Kammalawa

An ga yadda matsalar ta kasu gida biyu, ta haruffa da ta jeri, da yadda Unicode da JSON suka toshe mafi yawanta. Abin da ya rage ya fi shafar mu masu harshen. Nijeriya na rubuta 'ya'ya, Nijar na rubuta ƴaƴa, kuma a wurin kwamfuta waɗannan kalmomi biyu ne daban, wanda ya nemi ɗaya ba zai sami ɗayar ba. Ita kanta alamar hamza tana da siffofi da dama masu kama da juna a ido amma lambarsu daban. Sannan akwai ɗabi'ar barin ƙugiya, wadda ta wanzu duk da cewa allunan rubutu na wayoyin zamani suna da Hausa. Ƙamus da manhajojin fassara daga rubutun da muka zuba a intanet suke koyo, idan mun ba su "kasa" a wurin "ƙasa", haka za su mayar mana.

Saboda haka ana shawartar ɗalibi da abubuwa uku a duk aikin da zai adana: ya buga baƙaƙen Unicode na ainihi, ya adana fayil a UTF-8, ya kuma zaɓi ƙa'idar rubutu ɗaya, ta Nijeriya ko ta Nijar, ya bayyana ta a farkon aikinsa, ya tsaya a kanta har ƙarshe.