Makahon da Ya Koya wa Mota Riƙe Gudu

Da yawa daga cikin motocin da ake shigowa da su Kano daga Kwatano suna ɗauke da wani maɓalli a jikin sitiyari wanda masu su ba su cika taɓawa ba. Shi ne na na'urar riƙe gudu: direba ya zaɓi gudun da yake so, ya ɗage ƙafa daga totur, motar ta ci gaba a haka har sai ya taka birki.

Wanda ya ƙirƙiro ta, Ralph Teetor, injiniya ne ɗan jihar Indiyana ta Amurka da ya makance tun yana ɗan shekara biyar. Ana cewa tuƙin lauyansa ne ya ishe shi, domin yana rage gudu in yana magana, ya ƙara in yana sauraro. Teetor ya sami rajistar mallakar fasaharsa a 1950. Kamfanin Chrysler ya sa ta a motocinsa a 1958, sannan Cadillac ya raɗa mata sunan Cruise Control. Ta ƙara samun karɓuwa bayan tsadar man fetur ta 1973, domin gudu madaidaici yana rage shan mai.

An yi na'urar ne domin dogayen hanyoyi miƙaƙƙu. Birnin Kano kuwa da wani lissafi aka gina shi. Tun zamanin Sarki Gijimasu da ya fara ganuwa, zuwa Muhammadu Rumfa da ya kafa Kasuwar Kurmi a ƙarni na 15, ƙafar mutum da jaki da raƙumi ne suka auna faɗin lungu. Daga Ƙofar Mata zuwa Kurmi, tsakanin Adaidaita Sahu da masu tura kura da 'yan makaranta, direba ba ya minti guda bai nemi birki ba. Kunna na'urar a nan ganganci ne.

Wurinta shi ne babbar hanya irin ta Kano zuwa Zariya, can ma da sharaɗi. A damina, idan taya ta fara santsi a kan ruwa, tsohuwar na'ura tana iya ci gaba da ba injin wuta a lokacin da ya kamata a sassauta. A hazon hunturu, ko inda ramuka da garken shanu ke tsinkayo direba ba zato, ƙafar da ta yi nisa da birki tana makara. Ga kuma gyangyaɗi, wanda ke saurin kama mutumin da aka rage wa aiki.

Kada a haɗa ta da na'urar ƙayyade gudu da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta fara tilasta wa motocin haya a Fabrairun 2017. Waccan tana hana wuce iyaka ne, wannan kuwa tana riƙe duk gudun da aka ba ta, ko da ya saɓa wa doka. Teetor da kansa tsaro ya nufa da ita, amma ya bar wa direba aikin ido da sitiyari da birki.