BAYANI: Rigakafin mura ga mai juna biyu da sharaɗin allura a wurin aiki, yadda abin yake a Birnin Kudu da Gwaram

Mace mai juna biyu da ke aiki a asibiti, ko makaranta, ko ofishin gwamnati a kudancin Jigawa tana iya tsintar kanta gaban tambayoyi biyu a lokaci guda. Ta farko, shin allurar rigakafin mura mai tsanani tana cutar da ciki? Ta biyu, shin wurin aiki yana da ikon tilasta mata yin allura? Amsar a taƙaice ita ce: masana lafiya suna ɗaukar juna biyu a matsayin dalilin yin wannan allura, amma ba ta cikin jadawalin rigakafin da gwamnati ke bayarwa kyauta a Najeriya, kuma babu dokar tarayya da ta wajabta ta ga ma'aikata. Ga bayanin dalla-dalla.

Wace mura ake nufi?

A Hausa kalmar mura ta haɗe cututtuka da dama, daga yoyon hanci na kwana uku zuwa ciwon da ke kwantar da ƙato. Wadda ake wa rigakafi ita ce infuluwenza, wadda wata ƙwayar bairos ta daban ke haddasawa. Takan zo farat ɗaya da zazzaɓi mai zafi, ciwon kai, ciwon gaɓoɓi, busasshen tari da kasala, kuma tana iya gangarawa huhu ta zama nimoniya.

Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta ƙiyasta cewa kimanin mutum biliyan 1 ke kamuwa da ita duk shekara, miliyan 3 zuwa 5 su yi ciwo mai tsanani, sannan tsakanin 290,000 da 650,000 su rasu sakamakon matsalar numfashi. A ƙasashen sanyi tana da lokacinta na shekara. A ƙasashe masu zafi irin namu tana iya yawo a kowane wata, ko da yake a ƙasar Hausa da hunturu aka fi alaƙanta mura.

Cutar ba baƙuwa ba ce a nan. Annobar 1918, wadda magabata suka sani da marisuwa, ta sauka Legas ta jirgin ruwa a watan Satumba na shekarar, ta bi layin dogo zuwa Arewa. Masana tarihi sun ƙiyasta ta kashe kusan mutum 500,000 a Najeriya. Tun 2008 ƙasar ke sa ido kan cutar ta hanyar wasu zaɓaɓɓun asibitoci a Kano, Abuja, Legas da Nnewi. Mafi kusa da Birnin Kudu shi ne Asibitin Koyarwa na Aminu Kano.

Me ya sa ciki ke ƙara haɗarin?

Ciki yana sauya yadda jiki ke aiki. Garkuwar jiki takan canza salo domin ta haƙura da ɗan tayi, zuciya takan ƙara aiki, mahaifa kuma tana girma tana matse wurin da huhu ke buɗewa. Saboda haka murar da wata mace za ta sha a tsaye tana iya kai mai tsohon ciki gadon asibiti. Zazzaɓi mai zafi shi kansa haɗari ne ga ɗan tayi, kuma ciwo mai tsanani yana ƙara yiwuwar haihuwar bakwaini ko rasa cikin.

An ga haka ƙarara a annobar 2009. A Amurka masu juna biyu ba su wuce kashi 1 cikin 100 na jama'a ba, amma sun kai kusan kashi 5 cikin 100 na waɗanda cutar ta kashe. A 2012 WHO ta sanya masu juna biyu a sahun farko na waɗanda ya kamata a yi wa allurar, a 2022 kuma ta sake lissafa su tare da ma'aikatan lafiya, tsofaffi da masu daɗaɗɗun cututtuka.

Akwai dalili na biyu, wato jariri. Ba a yi wa jaririn da bai kai wata 6 ba wannan allura, alhali a wannan tsakanin ne ya fi rauni. Idan uwa ta yi, sinadaran kariya da jikinta ya haɗa suna ratsawa ta mabiyiya zuwa jikinsa, ya zo duniya da guzurinsu.

Me gwaje-gwaje suka nuna?

Hujjar ba daga Turai kaɗai ta fito ba. A wani gwaji da aka yi a Bangladash aka wallafa a 2008, jariran da iyayensu mata suka yi allurar sun samu raguwar kamuwa da cutar da kashi 63 cikin 100. A Soweto ta Afirka ta Kudu, sakamakon da aka fitar a 2014 ya nuna kariyar kusan rabi ga uwa da jariri. Mafi kusa da yanayinmu shi ne na Bamako ta ƙasar Mali, inda mata fiye da 4,000 suka shiga: kariyar jarirai ta kai kusan kashi 68 cikin 100 a watanni 4 na farko, daga nan ta riƙa raguwa.

Alƙaluman suna nuna iyakar allurar ma. Ba ta hana kowace mura, domin akwai ƙwayoyi da yawa masu sa tari da yoyon hanci waɗanda ba ruwanta da su. Abin da take yi shi ne rage yiwuwar kamuwa da infuluwenza da rage tsananinta. A waɗannan gwaje-gwaje ba a ga alamar tana cutar da uwa ko ɗa ba.

Wadda ake yi wa mai ciki ita ce ta dantse, mai ɗauke da ƙwayar da aka kashe ko wani sashenta, don haka ba ta sa cutar. Ana iya yin ta a kowane wata na ciki. Akwai wata da ake fesawa a hanci mai ƙwaya rayayya da aka raunana. Wannan ba a bai wa mai juna biyu. Kariya na kankama bayan kimanin mako 2. Abin da aka fi ji bayan allurar shi ne ciwon dantse, ɗan zazzaɓi ko kasala na kwana ɗaya zuwa biyu. Wadda ta taɓa samun mummunan rashin jituwa da allurar a baya wajibi ne ta sanar da likita. Ana sabunta ta duk shekara saboda ƙwayar na sauya kama.

Allurar da ake yi a awon ciki daban ce

A nan ne aka fi samun ruɗani. Allurar da ake yi wa mata a ranar awo, a Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu ko a ƙananan asibitocin Gwaram, Sara da Basirka, ba ta mura ba ce. Ita ce Td, mai kariya daga tetanus, wato ciwon sarƙe haƙora, da kuma mashaƙo. Tana cikin jadawalin Hukumar Kula da Lafiya a Matakin Farko ta Ƙasa, NPHCDA, kuma kyauta ce.

Sau 5 ake yin ta: ta farko a zuwan farko, ta biyu bayan mako 4, ta uku bayan wata 6, ta huɗu bayan shekara 1, ta biyar bayan wata shekarar. Wadda ta cika biyar ɗin ta samu kariya har ƙarshen shekarunta na haihuwa. Muhimmancinta a karkara babba ne, domin tetanus na shiga jariri ta cibiya idan aka yanke ta da abin da ba shi da tsafta, ko aka shafa mata abin da bai dace ba. Ɓarkewar mashaƙo da ta faro a ƙarshen 2022, wadda ta fi tsanani a Kano, ta ƙara fito da amfanin rabinta na biyu.

Ta mura kuwa ba ta cikin wannan jadawali. Mai son ta sai ta nema da kuɗinta, galibi a asibitoci masu zaman kansu na manyan birane. Duk wadda za ta saya ta tabbatar ta shekarar da ake ciki ce, kuma an ajiye ta a sanyin digiri 2 zuwa 8. Wadda ta sha zafi ko ta daskare ta lalace. Inda mutanen yankin suka fi jin labarinta shi ne shirin aikin Hajji, domin hukumomin lafiyar Saudiyya suna shawartar alhazai da su yi ta. Sai dai masu juna biyu ba sa cikin wannan layi, tunda hukumar alhazai ta ƙasa ba ta barin su tafi.

Akwai kuma alluran da ake ɗage wa mai ciki saboda ƙwayarsu rayayya ce, kamar ta ƙyanda. Ta shawara ma ana ɗage ta, sai idan annoba ko tafiyar dole ta sa likita ya ga haɗarin cutar ya fi. Don haka duk wadda aka kira yin allura a wurin aiki ta fara faɗin cewa tana da ciki, ta kuma tambayi sunan allurar.

Wurin aiki na iya tilastawa?

Sharaɗin allurar mura ga ma'aikata ya fi ƙarfi a asibitocin Amurka. Asibitin Virginia Mason da ke birnin Siyatil ya fara shi a 2005, yawan ma'aikatansa masu yin allurar ya haura kashi 95 cikin 100, wasu da dama suka bi sahu. Hujjarsu ita ce ma'aikaci na iya ɗaukar cutar ya kai wa jinjiri ko tsoho kafin shi kansa ya ji alama. A can ciki shi kaɗai ba kasafai ake karɓarsa a matsayin uzuri ba, tunda tun 2004 hukumomin lafiyar ƙasar ke ba da shawarar allurar a kowane matakin ciki. Ingila ta bi wata hanyar: tana bai wa masu ciki da ma'aikatan lafiya allurar kyauta, ba tare da tilas ba.

A Najeriya misali mafi kusa shi ne na korona. A watan Oktoba na 2021, Sakataren Gwamnatin Tarayya na lokacin, Boss Mustapha, ya sanar cewa daga 1 ga Disamba ma'aikatan tarayya ba za su shiga ofis ba sai da shaidar rigakafi ko sakamakon gwajin da bai wuce awa 72 ba. Ma'aikatan cibiyar tarayya ta Birnin Kudu suna cikin rukunin ma'aikatan tarayya. Malamar firamare a Gwaram kuwa tana ƙarƙashin jiha da ƙaramar hukuma ne. Jihohin Edo da Kaduna sun fitar da nasu umarnin a shekarar, na Edo har ya kai gaban kotu. Abin lura a umarnin tarayya shi ne ya bar ƙofa ta biyu, wato gwaji, ga wanda bai yi allura ba.

Doka tana da fuska biyu a nan. Sashe na 23 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya wajabta wa ma'aikacin lafiya ya sanar da mutum cewa yana da haƙƙin ƙin karɓar magani, ya kuma bayyana masa abin da ƙin zai haifar. A shari'ar Okonkwo ta 2001, Kotun Ƙoli ta tabbatar da cewa baligi mai hankali yana da ikon ƙin magani, bisa sashe na 37 da na 38 na tsarin mulki. Amma sashe na 45 ya yarda a taƙaita waɗannan haƙƙoƙi ta hanyar doka idan lafiyar jama'a ta buƙata. Ƙudirin yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa da Femi Gbajabiamila ya gabatar a Majalisar Wakilai a 2020, wanda ya ƙunshi batun tilasta rigakafi, ya sha suka kuma bai zama doka ba.

Abin da wannan ke nufi shi ne ba wanda ke da ikon riƙe hannun ma'aikaciya ya yi mata allura. Mai ɗaukar aiki, musamman asibiti, yana iya sanya sharuɗɗan kariya a yarjejeniyar aiki. Idan saɓani ya taso kan ko sharaɗin ya wuce gona da iri, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce ke da hurumin warwarewa. Sashe na 54 na Dokar Ƙwadago kuma ya tanadi hutun mako 6 kafin haihuwa da mako 6 bayanta, ya hana a sallami mace a cikin hutun.

Tarihin yankin yana da abin faɗi game da tilas. Gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a Kano a 1996, da dakatar da rigakafin shan inna a Kano a 2003, sun bar tabon da aka ɗauki shekaru ana warkarwa, kuma da bakin sarakuna, masu unguwanni da malamai aka warkar da shi. Wurin aikin da ke son ma'aikatansa su yi allura zai fi samun biyan buƙata idan ya kawo ta kyauta, ya faɗi sunanta da amfaninta, ya kuma tanadi mafita ga mai uzurin likita, kamar sanya takunkumi ko sauya mata ɗakin aiki.

Abin da mai juna biyu za ta yi

Ta fara awo da wuri, ta cika alluran Td, ta adana katinta. Idan aikinta na haɗa ta da marasa lafiya, ko tana da asma, ciwon suga, ciwon zuciya ko sikila, ta tuntuɓi likita kan allurar mura da inda za a same ta. Idan aka kawo umarnin allura a wurin aiki, ta nemi ganinsa a rubuce, ta kai wa mai duba cikinta. Idan akwai uzuri, shi ma a rubuta mata.

Zazzaɓi da ciki ba abin jira ba ne. A Birnin Kudu da Gwaram abin da aka fi zargi da farko shi ne cizon sauro, kuma gwajin jini ne ke raba gardama. Idan likita ya ga alamun infuluwenza, akwai maganin oseltamivir da ake bai wa masu ciki, wanda ya fi aiki cikin awa 48 na farko. Maganin kashe ƙwayoyin bakteriya da ake saya a kemis ba ya taɓa bairos. Numfashi da ƙyar, ciwon ƙirji, zazzaɓin da ya ƙi sauka, zubar jini ko raguwar motsin ɗa, kowannensu dalili ne na tafiya asibiti a wannan rana, ba sai ranar awo ba.