Daga Gafaka Zuwa Faifan Kwamfuta: Yadda Ake Gane Kwafi Na Gaskiya

Masu iya magana sun ce magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa. Rubutu kuwa akan ɗauka shi ne ma'ajin da ba ya cin amana. Amma duk wanda ya taɓa buɗe gafakar kakansa ya tarar gara ta cinye rabin littafi, ya san shi ma rubutu yana da ajali. Takarda tana tsufa, tawada tana koɗewa, wuta da ruwa ba su san darajar malami ba. Saboda haka ba abin da ke raya rubutu sai juyawa, watau a kwafe tsoho a sabuwar takarda tun bai mutu ba. To, a nan wata tambaya ke tasowa, wadda ta dami malaman Katsina na dā, ta kuma dami masu ilmin kwamfuta na yau: in an juya littafi, ta ƙaƙa za a tabbata abin da ke cikin sabon daidai yake da na tsohon, ba daɗi ba ragi?

Birnin Katsina ya daɗe da zama matattarar malamai. A ƙarni na 17 aka yi Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani, wanda ya rasu a 1667. A zamaninsu ba injin ɗab'i a ƙasar Hausa. Ko wane littafi da hannu ake rubuta shi, da alƙalamin kara da tawadar da aka dafa aka sa mata ƙaro. Takarda kuwa ta hamada take zuwa, kuma a ƙarni na 19 wadda ta fi yawa ita ce ta ƙasar Italiya mai alamar jinjirin wata uku a jikinta. Abin da ya yi wannan tafiya ba ya araha, don haka ba a wasa da shi.

Dabara ta fari da magabata suka yi ita ce ta jeranta warƙoƙi. Littattafanmu na dā ba a ɗinke su, warƙa warƙa ake tara su tsakanin bango biyu a ɗaure, a sa a gafaka. Iska ɗaya in ta taso sai ta hautsina su. Maganin wannan, marubuci yakan ɗauki kalmar farko ta warƙa mai zuwa ya rubuta ta a gindin wadda ya gama. Mai karatu in ya juya ya ga kalmar ba ta dace ba, nan take ya san an yi tsallake ko warƙa ta ɓace.

Dabara ta biyu ita ce muƙabala. In an gama juyi sai mutum biyu su zauna, ɗaya ya riƙe asali, ɗaya ya riƙe sabon, wannan yana karantawa wancan yana bi da ido. Inda aka tarar an bar kalma sai a rubuta ta a gefe, a sa alamar cewa ta inganta. Malaman Hadisi su suka fi tsanantawa a kan wannan, har Alƙali Iyal, mai littafin Ashafa da ake karantawa a zaurukanmu, wanda ya rasu a 1149, ya yi wani littafi dabam inda ya shimfiɗa ƙa'idodin karɓar ruwaya da gwada kwafi da asalinsa. Wanda ya yi makarantar allo ya ga ɗan'uwan wannan, domin almajiri ba ya wanke allonsa sai malam ya duba satunsa ya gyara.

Dabara ta uku ita ce ta ƙidaya, ita ce kuwa ta fi kusa da abin da za mu zo gare shi. Alƙur'ani mai girma sura 114 ne, izu 60. Ayoyinsa a ƙidayar mutanen Kufa 6,236 ne, a ƙidayar Madina wadda masahifan Warshu ke bi kuwa 6,214, ba don wani ya fi wani ko harafi ɗaya na saukarwa ba, sai don sun saɓa wajen inda aya take tsayawa. Alarammomi suna da ilmin harji, wanda da shi suke sanin sau nawa kalma kaza ta zo da siga kaza. Mawaƙan wa'azi su ma sukan faɗi adadin baitocinsu da shekarar da suka yi waƙar a ƙarshenta, da ramzi, watau haruffa masu tsayawa a madadin lamba. A lissafin da malamanmu suka gada daga Magariba, shin 1,000 ne, ra 200, lam 30, ba 2. In ka haɗa su ka sami 1232, shekarar Hijira da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya rasu, wadda ta yi daidai da 1817. In mai waƙa ya ce baitocinsa 60 ne, kai kuwa ka ƙidaya ka sami 58, ka san biyu sun zube a hanya ko da ba ka taɓa ganin asalin ba.

Akwai wani Bakatsine da ya shahara a ilmin lissafi, Muhammadu ɗan Muhammadu Alfulani Alkashinawi, wanda ya rubuta littafi a kan hatimai a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741. Ku dubi hatimi mai gida tara: layin sama 4, 9, 2, na tsakiya 3, 5, 7, na ƙasa 8, 1, 6. Ko ta ina ka tara, a kwance ko a tsaye ko a karkace, 15 za ka samu. In mai juyi ya rubuta 6 a gurbin 7, layi ɗaya na kwance da ɗaya na tsaye za su ba da 14, inda suka gicciya kuwa nan kuskuren yake.

Da Turawa suka zo, a Katsina aka fara kafa Baitulmali na En'e, zamanin Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944. Malaman haraji da na jangali suka shiga aiki da wannan dabara ta hatimi ba tare da sun kira ta da suna ba. A ƙasar Sarkin Ruma, wadda hedkwatarta ke Batsari, da ƙasar Yariman Katsina a Safana, kamar sauran gundumomi, akan jera ƙauyuka a littafi, a tara kuɗin ko wane ƙauye a kwance, a tara ko wane sashe a tsaye. Jimla biyun in ba su haɗu a kusurwa ba, malami ba ya tashi sai ya nemo inda kwabo ya ɓuya.

To, sai zamani ya kawo kwamfuta. Ita ba ta san harafi ba, ba ta san hoto ba, ko me aka ba ta sai ta mai da shi lambobi ta ajiye. A 1971 kamfanin IBM na Amurka ya fito da faifai mai laushi, faɗinsa inci 8. A 1976 aka yi mai inci 5 da kwata, sa'an nan a farkon shekarun 1980 kamfanin Sony na Japan ya yi mai inci 3 da rabi, wanda ya cika ofisoshi da jami'o'i har a ƙasarmu. Faifan nan leda ce aka shafa mata garin ƙarfe mai maganaɗisu. Ƙaramin nan da aka fi sani an raba shi gida 2,880, ko wane gida yana ɗaukar harafi 512, jimla 1,474,560. Zafi da ƙura da laima da fumfuna duk abokan gabansa ne. A 2011 Sony ta daina yin sa, injunan karanta shi kuma suka yi ta ƙaranci.

Wani abu da ya faru a Ingila ya isa ishara. A 1086 Sarki Wiliyam ya sa aka ƙidaya ƙasarsa da dukiyarta, aka rubuta a fata. A 1986, don tunawa da cikar shekara 900, gidan rediyon BBC ya sa mutane wajen miliyan ɗaya, yawancinsu 'yan makaranta, suka tara labarin garuruwansu, aka zuba a faifai biyu na zamani. Kafin 2002 injin da ke karanta faifan ya kusa ƙarewa a duniya, sai da masana na jami'ar Lids da ta Mishigan suka sha wahala kafin su ceto abin da ke ciki. Littafin fata kuwa yana nan a ma'ajiyar tarihi ta London, duk wanda ya iya Latin yana karanta shi.

Saboda haka masu adana tarihi suka koma ga sunnar magabata, watau juyi. Ba sukan tsinci takardu ɗai ɗai daga tsohon faifai ba. Sukan toshe ƙofar rubutu tukuna don kada injin ya taɓa kome a ciki, sa'an nan su kwashe shi dukansa, daga gida na farko har na ƙarshe, da inda ke da rubutu da inda ya zama fili, su zuba a sabon ma'aji. Wannan shi ake kira hoton faifai. Amma wa zai zauna ya yi muƙabalar harafi miliyan ɗaya da rabi? A nan lambar shaida ta shigo. Kwamfuta takan bi lambobin nan duka da wani lissafi, ta fitar da gajeriyar lamba guda. A rubuta ta a ajiye. Bayan shekara goma, ko bayan an aika da kwafin wani gari, a sake lissafin. In lamba ta fito kamar ta fari, kwafi lafiya lau. In ta saɓa, wani abu ya taɓu.

Tarawa kawai ba ta isa ba, ga dalili. Ra 200 ne, mim 40. Ko ka rubuta rama ko ka rubuta mara, 240 za ka samu, alhali kuwa wanda aka aika ya sayo rama bai kyauta ba in ya komo da mara. Haka kuma malamin haraji in ya daɗa sule goma ga wannan ƙauye ya rage goma ga wancan, jimla ba za ta tona shi ba. Don haka masana suka nemi lissafin da zai lura da ko wane harafi da kuma mazauninsa. A 1961 wani Ba'amurke, Wesley Peterson, ya bayyana hanyar da ake kira CRC, ita ce aka riƙa liƙa wa ko wane gida na faifai don injin ya gane in gidan ya lalace. A 1991 Ronald Rivest ya ƙago MD5, mai fitar da shaida mai alama 32. A 2004 wata malama 'yar ƙasar Sin, Wang Xiaoyun, da abokan aikinta suka nuna ana iya ƙera abu biyu dabam masu shaidar MD5 iri ɗaya. Tana nan da amfani wajen gane lalacewar tsufa, amma ba ta tsare mutum daga mai ha'inci. Inda ake tsoron maguɗi sai a ɗauki SHA-256, wadda aka fitar a 2001, mai alama 64. Harafi ɗaya in ya sake, shaidar duka takan birkice. Mai asusun banki ma yana ɗauke da ƙaramar irin wannan a aljihunsa, domin a cikin lambobi goma na asusu a Nijeriya, ta ƙarshen an lissafo ta ne daga sauran, don ta kama kuskuren mai bugawa.

Sai dai a lura da abu biyu. Na ɗaya, lambar shaida ba ta ce abin da ke cikin littafi gaskiya ne ba, iyakarta ta ce bai sake ba tun ranar da aka ɗauke ta. Jerin sarakunan Katsina da aka samu a hannun malamai sun saɓa wa juna a wasu wurare. Ko an ɗauki hotonsu an ba ko wanne shaida, saɓanin yana nan, warware shi aikin masu tarihi ne irin su Dokta Yusufu Bala Usman, wanda littafinsa na tarihin Katsina ya fito a 1981. Na biyu, shaida tana faɗar ciwo, ba ta ba da magani. In kwafinka ɗaya ne tak ya lalace, sanin ya lalace ba zai komo da shi ba. Shi ya sa ake ajiye kwafi uku ko fi, a wurare dabam dabam, ana gwada su lokaci lokaci, wanda ya ɓaci a sake juyo shi daga mai lafiya.

An fara wannan aiki a ƙasarmu tun kafin kwamfuta ta yaɗu. A 1954 Kenneth Dike ya kafa ma'ajiyar takardun tarihi a Ibadan, daga baya aka buɗe reshe a Kaduna, inda takardun lardin Katsina suke. A 1970 aka kafa Gidan Arewa a Kaduna ƙarƙashin Farfesa Abdullahi Smith. Amma abin da ke cikin waɗannan gidaje bai kai abin da ke cikin zauruka da adakoki ba. Ƙasar Ruma ta sha hare-haren Maraɗawa a ƙarni na 19, a zamaninmu kuma 'yan bindiga daga dajin Rugu sun tashi ƙauyuka da yawa na Batsari da Safana. A watan Fabrairu na 2020 an ƙone gidaje a Tsauwa, an kashe mutane a can da Dankar. Rai shi ne babbar hasara, ba abin da ya kama ƙafarsa. Bayansa kuwa, mai gudun tsira ba ya tsayawa ɗaukar gafaka, da takardar gona, da wasiƙar da kakansa ya samu daga fada. A Tambutu, a Janairu 2013, littattafai wajen 4,000 sun ƙone ko sun salwanta a cibiyar Ahmadu Baba, amma mafi yawan na garin sun tsira don mutane sun riga sun kwashe su a ɓoye zuwa Bamako.

Jama'a, wanda ya iya karatu ya iya wannan aiki. In akwai tsohon littafi a gidanku, ku ɗauki hoton ko wace warƙa da waya, gaba da baya, har da gefe inda malamai suka yi gyara. Ku ƙidaya warƙoƙin ku rubuta adadinsu, da sunan littafin, da na mai shi, da ranar da kuka ɗauka. Kada ku bar hotunan a waya ɗaya: ku ba ɗan'uwa na Katsina kwafi, ku ba na Kano. In kun sami mai ilmin kwamfuta, ya fitar muku da lambar shaidarsu ku rubuta a takarda. In kuwa tsohon faifai ne kuka tarar a ofis ko makaranta, kada ku yi ta cusa shi a inji don gwaji, ku ajiye shi a inuwa nesa da laima, ku kai wa wanda ya san yadda ake ɗaukar hotonsa. Asalin kuma kada a yar don an sami hoto, shi ne alƙalin da za a koma wa in gardama ta tashi.

Allah ya jiƙan magabatanmu da suka juya mana abin da muke karantawa, ya ba ƙasarmu lafiya, ya sa mu miƙa wa na baya amanar nan kamar yadda muka karɓe ta. Amin.