Tarihin Tantance Ingancin Bakan Itace a Ingila

Dogon bakan Ingila sanda ɗaya ce ta itace da ake sassaƙawa da hannu, tsawonta ya kai na mutum ko ya ɗan fi. Itacen da aka fi so domin yin sa shi ne yu, wanda masana tsirrai ke kira Taxus baccata. Amfani da shi ya daɗe ƙwarai a Turai, domin gawar Otzi da aka tsinta cikin ƙanƙarar tsaunukan Alps a 1991, wadda ta haura shekara 5,000, an same ta da bakan yu mai tsawon mita 1.82 da ba a gama sassaƙawa ba. Sai dai a Ingila ne tantance aikin masu yin baka ya zama al'amarin hukuma, har da doka da tara.

Abin da ya fifita yu shi ne jikinsa kashi biyu ne. Farin da ke ƙarƙashin ɓawo yana jure miƙewa, jan da ke tsakiya kuma yana jure matsi. Masassaƙi yakan tsaga gungumen ta yadda farin zai zauna a bayan baka, wato gefen da ke fuskantar abin harbi, jan kuma ya zauna a ciki, gefen maharbi. Idan aka ja tsirkiya kowane ɓangare ya yi aikin da ya dace da shi. Saboda haka abu na farko da ake dubawa shi ne bayan baka: dole ya bi zoben shekara guda na itacen daga wannan kai zuwa wancan. Inda wuƙa ta ratsa zoben, nan ne itacen zai ɗaga, daga baya ya karye.

Bayan nasarar Ingila a yaƙin Crécy a 1346 da na Poitiers a 1356, baka ya zama makamin da sarauta ta dogara da shi. A 1363 Sarki Edward na Uku ya umarci maza su riƙa koyon harbi a ranakun hutu. Buƙata ta yi yawa, aikin ha'inci ma ya yi yawa. A 1371 masu yin baka da masu yin kibiya na Landan suka nemi hukumar birni ta raba sana'o'insu, kada mai yin ɗaya ya taɓa ɗayar. A lokacin ne kuma aka hana sassaƙa baka da dare. Hujjar tana da ƙarfi, domin da hasken kyandir ba a ganin layin itace sosai, kuma aibin da ido bai gani ba a shago zai fito a fagen fama.

Yu ɗin Ingila yakan cika ƙulli da karkata, don haka aka fi son na Sifen da Italiya da tsaunukan tsakiyar Turai, inda itacen ke girma a hankali, zobensa su zo sirara a matse. Dokar 1472 ta zamanin Edward na Huɗu ta wajabta wa 'yan kasuwa shigo da sandar baka huɗu kan kowane tan na kaya, ta kuma sa a naɗa ƙwararru a tashoshin jiragen ruwa su duba sandunan, su yi wa marasa kyau alama. A 1483 Richard na Uku ya ɗora sanda goma kan kowace babbar gangar giya. Wannan buƙata ta cinye dazuzzukan yu na Bavariya da Ostiriya a ƙarni na 16. Dokar 1566 ta zamanin Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya ta kasa baka daraja-daraja ta hanyar farashi: mafi kyau na yu ɗin waje sule 6 da kwabo 8, mai bi masa sule 3 da kwabo 4, na gama-gari da na yu ɗin gida kuma sule 2.

Bayani mafi cika daga wancan zamani yana cikin Toxophilus, littafin da Roger Ascham ya wallafa a 1545. Ya shawarci mai saye ya nemi baka dogo, miƙaƙƙe, mai nauyi a hannu, wanda bai murɗe ba, babu ƙulli ko tsaga ko tabo a jikinsa. Ya fifita sandar da aka tsago daga gangar jikin bishiya a kan ta reshe. Shawararsa mafi hikima ita ce kada a yanke wa sabon baka hukunci a shago. A fara harbi da shi da kibau masu nauyi har ya nuna inda yake da rauni, sannan a mayar wa amintaccen masassaƙi ya rage tsawonsa, ya gyara shi ya riƙa lanƙwasa daidai.

Wannan daidaita lanƙwasa ita ce zuciyar sana'ar. Ana ɗora baka a kan wani katako, a ja tsirkiya kaɗan-kaɗan, masassaƙi ya ja da baya ya duba. Inda itacen ya ƙi lanƙwasa sai a kankare, inda ya cika lanƙwasa a bar shi. Wuri guda da ya fi sauran laushi shi ne zai ɗauki wahalar duka, har ƙananan layukan matsi su fito a cikin baka, alamar cewa itacen ya fara murƙushewa. A wajen ƙulli kuwa, gwani yakan bar ɗan tudu don ƙarfafa wurin, abin da ke sa baka mai kyau wani lokaci ya zo da ƙusumbi a jiki. Wanda bai san sana'ar ba zai ɗauka aibi ne.

A shekarar da littafin Ascham ya fito ne jirgin yaƙin Henry na Takwas, Mary Rose, ya nutse kusa da Portsmouth. An ɗago shi a 1982, kuma daga cikinsa aka samo cikakkun bakuna 137 da kibau fiye da 3,500. Tsawon bakunan ya kama daga mita 1.87 zuwa 2.11, da dama suna ɗauke da 'yan alamomin da aka tsattsaga a jikinsu. Binciken da Robert Hardy da abokan aikinsa suka yi ya ƙiyasta cewa ƙarfin da ake buƙata don jan su ya kama daga kusan kilo 45 zuwa sama da 80, fiye da yadda masana da yawa suka zata a da.

Bindiga ta kori baka daga rundunar Ingila a ƙarshen ƙarni na 16, har takardar izinin da Sarki James na Ɗaya ya bai wa ƙungiyar masu yin baka a 1621 ta zo bayan kasuwarsu ta faɗi. Harbi ya dawo a matsayin wasan masu hali, musamman bayan kafa ƙungiyar Toxophilite a Landan a 1781, sai aka koma son baka mara nauyi mai sheƙi da kyan gani. Awo da ma'auni ya shigo da ƙarfi a 1923, lokacin da likita Saxton Pope na Kalifoniya ya wallafa gwajin da ya yi wa bakunan al'ummomi daban-daban, yana auna ƙarfin jansu da nisan da suke jefa kibiya. Masu tantancewa a yau suna haɗa hanyoyin biyu. Suna auna ƙarfin ja a inci 28 da gudun kibiya da na'ura, suna duba ko tsirkiya ta ratsa tsakiyar mariƙi, da yawan girgizar da hannu ke ji bayan saki. Suna kuma kwance tsirkiya su ga iya lanƙwasar da ta zauna a jikin itacen, domin baka da ya kusa komawa miƙe bayan dogon harbi shaida ne cewa an busar da itacensa sosai kuma an raba masa nauyi daidai.