Neman Alƙalamin Fada a Gaɓar Kwara

A farkon ƙarni na 19 babu iyakar da ta raba ƙasar Bagudo da abin da ake kira Jamhuriyar Benin a yau. Sai a yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 14 ga Yuni, 1898 aka shata ta, Illo ta faɗo ɓangaren Ingila. Kafin nan kogin Kwara ne kawai a tsakani, fataken goro masu zuwa Gwanja suna ƙetare shi da jakunansu. Da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya raba ragamar daula a Sifawa cikin 1812, yamma ta shiga hannun ƙanensa Abdullahi, wanda daga baya ya zauna Gwandu. Mulkin ƙasa mai nisa haka ba ya yiwuwa sai da wasiƙa, wasiƙa kuwa sai da magatakarda.

To, yaya matashin da ya yi karatu zai sami wannan aiki? A nan gizo ke saƙa. Malaman jihadi sun riƙe hadisin da ya hana a ba da muƙami ga wanda ya roƙe shi, kuma Shehu ya soki gaisuwar da ake kai wa masu sarauta a littafinsa Kitabul Farƙi. Shi kansa Abdullahi, ganin yadda jama'a suka dulmuya cikin neman sarauta da abin duniya ne ya sa ya bar rundunar da niyyar tafiya Madina, har mutanen Kano suka tsayar da shi ya rubuta musu Liya'ul Hukkami. A gaban irin wannan shugaba, wanda ya buɗe baki ya ce yana son alƙalamin fada ya riga ya rasa shi.

Saboda haka sai neman ya koma ta bayan gida. Ɗalibi zai daɗe a zauren malami, ya sauke Alƙur'ani, ya karanci Risala da Muhtasar, ya goge a nahawu. Daga nan malamin zai miƙa masa littafi ya kwafa. Takarda a lokacin kaya ce mai tsada, daga Italiya take fitowa ta ratsa Sahara a kan raƙuma, don haka ba a ba wa mai rawar hannu. Kowane shafi da ya kwafa ba tare da gyara ba shi ne takardar neman aikinsa, ko da yake ba wanda zai kira ta haka. Ran da hakimi ko alƙali ya nemi mai rubutu, malamin ne zai ambaci suna, ɗalibin kuma ya sunkuyar da kai kamar bai taɓa sha'awa ba.

A ganina wannan tsari ya toshe ƙofa ɗaya ya bar wata a buɗe. Ya kunyata mai kwaɗayin fili, amma ya fifita wanda aka haifa kusa da zauren babban malami. Ɗan masunci a bakin Kwara, komai kaifin basirarsa, wa zai ambaci sunansa a Gwandu?

Duk da haka bakin iyaka yana da nasa sharaɗin, wanda zuri'a ba ta sayen sa. Da Larabci ake rubuta wasiƙa, amma mutanen da za ta hukunta a yankin Illo da Ka'oje da Fulatanci, Dandanci, Busanci, Kyanganci da Hausa suke magana. Idan manzo ya iso, aka duba hatimi aka tabbatar, magatakarda ne zai warware takardar ya karanta, sa'an nan ya juya ta da baki zuwa harshen da sarki ke ji. Mafi yawan waɗanda ke zaune a fadar ba su da hanyar gane ko ya sassauta umarni ko ya ƙara masa gishiri. Adadin shanun jangali, sunan wanda ake tuhuma, wa'adin da aka ɗiba, duk ta harshensa suke fita, amsar da za ta koma ƙetaren kogi kuma hannunsa ne zai rubuta ta.